Rijiyarmu ta Gangare

Har yau in hadari ya haɗo daga gabas, yara suka fara tsalle a tsakar gida, ni sai in ji kasala ta sauko mani tun daga wuya. Jikokina sun ɗauka tsufa ne. Ba tsufa ba ne, tun ina da ƙarfina nake haka. Wanda ya zauna a gangaren gari shi ya san abin da ruwan sama ke ɗaukowa, ni kuwa na zauna a gangaren Dutsin-Ma shekaru masu dama.

Daga Kurfi aka kawo ni, tun Turawa na nan. Mijina kowa Malam yake ce mashi, duk da karatun nasa bai yi wani nisa ba. Manomi ne, da rani kuma yana ɗinkin hula a zaure. Gidansa shi ne na ƙarshe a unguwar, daga mu sai kwari, daga kwari sai tafkin da Fulani ke shayar da shanu. Dutsen nan da gari ya kewaye ba ya shan ruwa ko ɗigo. Duk abin da ya zubo mashi sai ya miƙo ma gari, gari kuma ya miƙo mana.

Da na zo babu rijiya a gidan. Can tsakiyar unguwa nake zuwa ɗiba, ruwan ma ga zartsi, in ka yi wanki da shi sabulu sai ya ƙi kumfa. Ina da cikin fari Malam ya gan ni na sauke tulu a ƙofar gida ina dafe da ƙugu. Washegari sai na ji ƙarar dagi a filin da ke gaban zaure. Mutane suka riƙa tsayawa suna mashi dariya, wai ƙasar nan duk dutse ce a ƙasa, zai haƙa har ya ɓullo Katsina bai ga ruwa ba. Shi da ƙanensa suka yi ta yi, rani ya kusa ƙarewa, tafin hannunsa duk ya fashe. Ranar da ya iske idon ruwa ya ɗebo a ƙwarya ya miƙo mani, laka har gemunsa, ya ce, "Sha ki ji." Na sha. Ruwa ne mai garɗi, mai sanyi, ba zartsi ko kaɗan.

Ya gitta itacen marke a bakin rijiyar, ya rataye wasaki, gugan fata, a jikin bango, ya ce ba za a katange ta ba, duk mai so ya ɗiba. Waɗanda suka yi dariyar su suka fara turo 'ya'yansu da tuluna. Da ruwan nan na fara kokon sayarwa, kuma ba yabon kai ba, har daga bakin kasuwa ana aiko da kwano. Wasu matan sukan tambaye ni abin da nake sawa a gasarata. Ba na sa komai, ruwan ne.

A wancan lokacin ruwan sama bai dame mu ba, don akwai lambatu da ya taso tun daga tudu ya bi ta bayan katangarmu ya faɗa kwari. Kowace shekara in bazara ta kama, tsohon mai unguwa zai sa a yi shela, maza su fito gayya da fartanya da galma, a yashe lambatun tun daga sama har ƙasa. Mu mata mu dama kunu a kai masu. Kafin la'asar an gama, kowa ya watse. Shara kuma ba a zubar da ita, don dukiya ce. Toka da kashin awaki da ƙaiƙayi duk tarawa ake a bayan gida, jakuna su kwashe a mangala zuwa gona. Har daga wajen Makera manoma kan zo roƙon juji, in ka ba mutum ya yi ta godiya kamar ka ba shi hatsi.

To sai gari ya fara cika. Mota ta yawaita, kasuwa ta bunƙasa, ma'aikata da 'yan tireda suka kama gidaje ta wajen tudu, mahauta suka ƙaru. Duk waɗannan ba su da gona, sharar gidansu ba ta da inda za ta. Sai aka fara zubawa a kwanar da ke saman layinmu, daidai bakin lambatu. Yau kwando ɗaya, gobe biyu, har juji ya tashi ya fi ni tsawo. Manoma kuma suka ƙi shi, don ya cika da gwangwani da tsumma da fasasshiyar kwalba, ba wanda zai kai abin da zai yanke ƙafar ɗansa gona.

A nan ne hukuma ta ɗauki leburorin shara, ta kuma kawo duba-gari. Muka yi murna, wallahi har da ni. Abin da ban hango ba shi ne ranar da aka ɗauki leburan nan ranar gayya ta mutu. Tsohon mai unguwa ya rasu, ɗansa ya gaje shi, ya sa aka yi shela kamar yadda aka saba, mutane suka ce a kan me? Ai muna biyan haraji, ga masu cin albashin aikin can. Su kuma leburan iyakarsu kasuwa da titin gaban ofis, ba su taɓa sanin akwai wani lambatu a bayan gidanmu ba. Aiki ya faɗa tsakani, kowa na nuna ɗan'uwansa da baki.

Sai kuma maganar kwatami, wadda ita ce ta kashe ni. Kowane gida akwai rariya da ke fitar da ruwan wanka da na wanke-wanke zuwa wani rami a bayan katanga, shi ne kwatami. Dokar duba-gari ita ce kada kwatami ya cika ya malalo kan hanya. In ya cika a kwashe a kai jeji, in ba haka ba tara. To wa zai ɗauki wannan baƙin ruwa mai wari a ka ya ratsa gari da shi? Ba kowa. Sai mutane suka koyi dabara. A zurfafa ramin, a rufe shi da tsohon asabari, a yi ta lallaɓa shi har damina. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, kana jin ya kece, sai ka ga maza da yara sun fito a guje da fartanya, kowa ya fasa bakin kwataminsa ya haɗa shi da ruwan hanya. Mata na miƙo kwandunan shara ta kan katanga ana juyewa. Mahauta su wanke wurin yankansu, jini da kayan tumbi duk su bi. Kafin ruwa ya ɗauke unguwar tudu ta yi fes, in duba-gari ya zagayo ya iske komai tsaf har ya yaba masu. Abin ya zama al'ada, har yara na da waƙar da suke yi in za a fasa.

In ka yi magana amsa ɗaya ce a bakin kowa: ruwa mai gudu ba ya ɗaukar ƙazanta. Na sha ce masu, to in ya gama gudun a ina yake tsayawa? Ba wanda ya taɓa biyo shi ya gani.

Muddin Malam na da rai abin bai kai ga rijiya ba. Shi kaɗai ya ci gaba da gayyar da gari ya bari. In bazara ta yi zai ɗauki galma ya bi lambatun nan, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya kai kwanar juji. In ana ruwa ya ninke buhu ya kifa a ka, ya fita yana janye abin da ya toshe hanya. Ina faɗa, ina cewa kai kaɗai aka haifa a unguwar nan? Sai ya ce, "To in na bari wa zai yi?" Ya dawo jiƙe sharkaf yana wari, in ɗora mashi ruwan zafi ina ta mita.

Ya rasu bayan kaka, dab da samun mulkin kai, ciwon kwana kaɗan. Ya bar ni da ɗiya biyu mata, ba namiji. Da na fita takaba yayana ya zo daga Kurfi, ya zauna a zaure ya ce, "Ki tattara ki dawo gida. Ga ɗaki nan, ga hatsi. Zaman me za ki yi a ƙarshen garin mutane?"

Na ce, "Yaya, in na tafi wa zai kula da rijiyar?"

Ya dube ni ya ce, "Rijiya ce uwarki ko ubanki?"

Abin da ban iya gaya mashi ba shi ne, in na sunkuya ɗiba da safe na ɗora hannu kan itacen marken nan, inda igiya ta ci ta yi gurbi, sai in ji kamar mutumin bai yi nisa ba. Kuma da ruwanta nake ci da kaina da 'ya'yana ba tare da na miƙa ma kowa hannu ba. Ya gaji ya koma.

Daminar farko da ba shi, ni da 'yan matan muka taɓa lambatun iyakar ƙarfinmu, amma aikin ya fi mu. Ruwa na biyu da aka yi mai ƙarfi, da hantsi ne, ina tsaye a bakin zaure na ga abin ya gangaro. Baƙi ƙirin, da kumfa a samansa, da mushen kaza yana juyawa, da tsumma, da abin da ba zan faɗa ba. Ya zo kwana ya iske juji ya zubo cikin lambatu, sai ya bar hanyarsa ya miƙo layinmu kai tsaye. Ina kallo ya cika filin ƙofar gida, ya hau, ya hau, ya taɓa itacen marke, ya fara zuba cikin rijiyar. Na ji ƙarar zubarsa a can ƙasa. Na zauna a dakali, ƙafafuna cikin ruwan, na rasa ko kukan ma.

Na kira masu yasa suka kwashe ta tas, ruwa ya dawo daidai. Sannan na yafa gyale na nufi gidan mai unguwa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, jujin nan na kwana shi ya toshe lambatu. A kwashe shi, a kuma hana fasa kwatami, in ba haka ba rijiyar da unguwa ke sha za ta lalace."

Ya ce, "Matar Malam, maganarki gaskiya ce. Amma yanzu zamani ya canza, in na kira gayya ba mai fitowa. Shara aikin hukuma ne. Ki ga duba-gari."

Na ga duba-gari. Saurayi ne, baƙo a garin, da gajeren wando na kaki da dogon ludayin da yake duba randunan mutane ko akwai tsutsar sauro. Yaro mai ladabi, ba zan yi mashi ƙarya ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Inna, ni aikina cikin gidaje ne da kasuwa. Lambatu na masu aikin hanya ne." Na nemi masu aikin hanya, na iske su suna cike rami a titin mota, babbansu ya ce su titi aka ba su, abin da ke cikin unguwa na mai unguwa ne. Na dawo inda na faro, takalmina ya tsinke a hanya, na ƙaraso gida da shi a hannu.

Haka na yi ta zagayen nan shekara da shekaru. Kowace bazara sai na je, har masu zaman ƙofar ofis suka san ni, in sun hango ni su ce ga mai lambatu nan. Ba wanda ya taɓa kora ta, abin da ya fi gajiyar da ni ke nan. Da zagina aka yi da na rama na huce. Kowa sai ya ba ni gaskiya, ya ba ni haƙuri, ya nuna mani ƙofar wani. Lokacin zaɓe masu siyasa suka shigo da mota mai lasifika har ƙofar gidana, suka sha ruwan rijiyar suka yaba, ɗayansu ya auna layin da ƙafa ya ce kwalbati za a yi na siminti. Ban ƙara ganin ƙeyarsa ba.

Ni dai na yi abin da zan iya. Na tara duwatsu, na kwaɓa ƙasa, na ɗaga bakin rijiyar har gwiwa. In hadari ya taso in rufe ta da faifan kwano in danne. In ruwa ya wuce in kwashe abin da ya bar mani a ƙofar gida, in ƙone mai ƙonuwa, in binne sauran. Bafillatanar da ke kawo mani nono ta ce maruƙansu sun fara zawo in sun sha tafki da farkon damina, har sun fara kora shanun nesa. Ta tambaye ni wa ake gaya ma. Na yi dariyar da ba ta daɗi ba, na ce in kin samo shi ki zo ki raka ni.

Sau ɗaya na yi faɗa sosai. Akwai matar wani mahauci a saman layinmu, yarinya ce a kaina, 'ya'yanta kullum suna bakin rijiyata. Ana tsaka da ruwa na hau tudun ina janye shara daga lambatu, sai na gan ta a ƙofar gida da fartanya tana fasa kwataminsu da kanta. Raina ya ɓaci, na ce, "Ke yanzu ba ki jin kunya? Abin da kika fasa ɗin nan gobe shi za ki aiko a ɗebo maki ki sha."

Ta ce, "Haba Gwaggo, ni kaɗai kika gani? Duba layin nan tun daga sama. In ban fasa ba duba-gari ya ci mu tara, ke za ki biya?"

Na ce, "Allah ya sa ki sha shi a kunu."

Ta yi dariya ta shige gida. Wannan magana tawa har yau ba na son tuna ta, kuma za ku ji dalili.

Shekarar da abin ya ƙare, damina ta yi nauyi. Jujin ya rufto gaba ɗaya ya binne lambatun, ruwan unguwa duk ya tare a filin ƙofar gidana ya ƙi wucewa. Bai hau bakin rijiyar ba, don na ɗaga shi, amma ya kwanta kewaye da ita kwana da kwanaki, kore shar, sauro na tashi. Da ya janye na jefa wasaki na jawo. A ido ruwa garau. Na kai baki sai na ji wani ɗan wari can ƙasa-ƙasa, irin na kwatami. Na zubar na sake jawowa, haka. Ruwa ba ya tsami banza. Na sake kiran masu yasa, suka kwashe har suka taɓo dutse, sabon ruwa ya tsattsafo, shi ma da warin. Babbansu ya fito yana goge jiki ya ce ba daga sama ya shiga ba wannan karon, ƙasar ce ta sha.

Na daina koko. Na cire wasakin Malam daga bango na kai ɗaki, na saro ƙaya na rufe bakin rijiyar, na bi gida-gida ina cewa kada a sha. Wa zai ji? Ruwa garau a ido, ga na sauran rijiyoyin da zartsi. Sai aka ce rowa ce ta kama ni, wai tun da mijina ya mutu dama nake neman hanyar da zan hana. In na shiga ciki a janye ƙayar a zura guga, kowa da nasa. Na fito na kora, na yi zagi, na gaji na bari.

Ba a daɗe ba yara suka fara gudawa a unguwar, gida bayan gida. Yawanci sun tashi. Ɗan matar mahaucin nan, wanda ba a daɗe da yaye shi ba, bai tashi ba.

Na je gaisuwa. Ina yin sallama, matan da ke zaune kan tabarmi kowa ta sunkuyar da kai. Na durƙusa gabanta na ce, "Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne." Ta ɗago ta dube ni, idanunta sun kumbura, ta ce, "Amin, Gwaggo." Ban san ko ta tuna maganar da na yi mata cikin ruwa ba. Ni dai na tuna. Yaron nan na sha ba shi ƙosai a hannu in ya biyo yayyensa ɗibar ruwa. Na fito, na ji duk faɗan da ke cikina ya mutu.

Bayan an share makoki duba-gari ya zo, wannan karon ba ni na neme shi ba. Mutanen tudu ne suka kai ƙara cewa rijiyar gangare na kashe masu 'ya'ya. Ya jawo ruwan, ya zuba a ludayinsa, ya sansana, ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Inna, sai dai haƙuri. Rufe ta za a yi."

Na ce, "Yallaɓai, in aka yi mata baki na siminti fa? In aka bar ta ta huta shekara guda?"

Ya ce, "Ko an yi, muddin ruwan nan na kwanciya a nan haka za ta koma. Kuma kin gani da idonki, ko an hana sai sun ɗiba."

Na ce, "Shekara nawa ina zuwa wurinku kan ruwan nan?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani. Na kai maganar sama ba sau ɗaya ba." Na yarda da shi. Gaskiya yake faɗi, kan rijiyar ma gaskiya yake faɗi, shi ya sa ban sami abin kamawa ba.

Da safe leburori suka iso, su da yawa, da shebur da baro da kwanonin ɗauka. Tun da nake a unguwar ban taɓa ganinsu a layinmu ba sai ranar. Suka ture duwatsun da na jera, suka ɗaga itacen marke suka jingine a bango. Sai babbansu ya tsaya yana waige-waige, yana neman abin da za a cike ta da shi. Rijiya ce mai zurfi, ƙasa kuma sai an je kududdufi can bayan gari an haƙo. Ɗaya daga cikinsu ya nuna saman layi da haɓa ya ce, "Ga abu nan kusa."

Jujin suka kwaso. Ina zaune a dakali, 'ya'yana na tsaye a bayana. Suka jeru tun daga kwana har ƙofar gidana, mai baro na turowa, mai kwano na ɗaukowa, suna waƙarsu ta aiki. Gwangwani da tsumma da ƙasusuwan mahauta da fasassun kwalabe, duk abin da na yi shekaru ina roƙon a ɗauke, ga shi ana ɗauka da sauri da nishaɗi ana juyewa cikin ruwan da Malam ya miƙo mani a ƙwarya. Da farko ina jin faɗuwarsa cikin ruwa. Can sai na daina jin ruwan, sai ƙarar shara kan shara. Babbar ɗiyata ta fara kuka, na ce ta shiga ciki. Ni ban yi ba, gajiya ce kawai, irin wadda ko hannu ba ka son ɗagawa.

Kafin la'asar sun gama. Rijiya ta cika, juji ya ƙare, kamar dama an auna su. Suka watsa 'yar ƙasa a sama suka daddanne da bayan shebur. Da suka ga lambatun ya fito fili, sai suka ɗan yashe bakinsa ma, tunda ga shebur a hannu. Abin bai ɗauke su komai ba.

Na aika ma yayana cewa ya zo ya ɗauke mu. Ban jira rani ba. Kayana ba su da yawa, wasakin na naɗe cikin tabarma, itacen marken kuwa ya fi ƙarfin ɗauka, na bar ma ƙanen Malam tare da gidan.

Ranar da za mu tafi ina ƙofar gida ina ɗaure kaya, sai ga mai unguwa ya gangaro daga masallaci. Layin ya yi fes tun daga kwana, yara har sun fara wasa a inda jujin yake. Ya tsaya daidai kan sabuwar ƙasar nan, bai ma lura da inda ya taka ba. Ya dubi sama ya dubi ƙasa, fuskarsa a sake, kuma na san da zuciya ɗaya ya faɗa.

Ya ce, "Matar Malam, kin ga ƙarshe dai an ji kukanki. An kwashe jujin."

Na ce, "Na gani, ranka ya daɗe."

Na ɗora ƙullin kayana a ka, muka nufi tashar motar Kurfi.